Ranar da na ɗauka hazo ne ya biyo ni Bronx

Tun daren Talata na fara jin warin, irin warin murhun itace ɗin nan idan an yayyafa masa ruwa, amma ban kawo komai a raina ba don a unguwarmu ta Bronx a birnin New York kullum ba a rasa mai gashin nama a bakin titi idan zafi ya shigo. Washegari Laraba 7 ga Yuni 2023 na fita aiki da mota kamar yadda na saba, wajen ƙarfe biyun rana ina kan hanya sai kawai na ga gari ya rine ya koma ruwan goro, wallahi ba zuzutawa ba, motoci kowa ya kunna fitila da rana tsaka, dogayen benayen Manhattan da kullum nake hangowa sun ɓace ɓat, ita kuma rana ta koma kamar jan faranti ba ta ko kashe ido.

Abin da na fara yi shi ne na ɗauki hoto na tura guruf ɗin gidanmu na WhatsApp. Yayana ya rubuto wai Kano ce ta yi kewarka ta aiko maka da hazo. Hajiya kuwa murya ta turo, ta ce kai wane irin hazo ne wannan da damina, mu nan har an fara shuka. Na yi dariya na ci gaba da aikina, gilas a sauke, ba takunkumi ba komai, ina ma yi wa fasinjoji dariya a zuci yadda kowa ya rufe hanci yana zare ido, ina cewa waɗannan da za a kai su Kano a watan Janairu ai sai sun suma. Ni da na tashi ina tafiya makaranta a ƙafa cikin hazon da ba ka hango mutum daga nan zuwa bakin layi, wannan ɗan jan sama ne zai hana ni neman abinci?

To daren nan na gane kurena. Maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi, kai na sarawa, ido ya kaɗa ya yi ja, ina shiga gida uwargida ta ce Maigida dan Allah cire rigar nan a bakin ƙofa, warin gobara kake yi. Ƙaramar 'yarmu mai asma ita ce ta fi ba ni tsoro, tari ta dinga yi har tsakar dare, muna ta shaƙa mata maganinta, kuma ni ne da safe na ce a bar tagar falo a buɗe saboda zafi. Sai a labarai na ji abin da ya faru da rana: an dakatar da jiragen da za su sauka a filin LaGuardia, an ɗage wasan ƙwallon baseball na Yankees da White Sox wanda filinsu ma a nan Bronx yake, gwamna Kathy Hochul ta ce za a raba takunkumin N95 miliyan 1, magajin gari Eric Adams kuma ya ce ma'aunin gurɓatar iska ya kai 484 da yamma, ma'aunin da ƙarshensa 500 ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, to ina wutar take? Don ni a sanina idan ka ji warin hayaƙi to gobarar ba ta wuce bayan layi ba. Ɗan maƙwabcina, yaron wasu 'yan zangon Kumasi ne da ke karatu a kwaleji, shi ya shigo da kwamfutarsa ya ce Kawu zo ka gani da idonka. Ya buɗe wani ɗan bidiyo na hotunan tauraron ɗan adam da aka jera ɗaya bayan ɗaya, sai ga arewa maso gabashin Amurka da Kanada a shimfiɗe, daga can cikin dazukan Quebec hayaƙi na fitowa siriri siriri daga wurare da yawa, ya haɗe ya zama kamar kogi mai ruwan toka, ya gangaro kudu ya bi ta kan jihar New York ya zo ya kwanta a kanmu. Nisan da ya yi kusan kamar daga Kano zuwa Legas ne. A gefe kuma akwai wani curin gajimare da ya yi zamansa a saman Maine da Nova Scotia yana juyawa irin juyin ɗawafi, shi ne yake jawo iska daga arewa yana turo mana ita, kuma da yake ya ƙi matsawa kwana da kwanaki sai hanyar hayaƙin ta zauna a buɗe. Wutar kuwa tsawa ce ta tayar da yawancinta a farkon watan, bayan dajin ya bushe ƙayau saboda zafi da ƙarancin ruwa.

Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Daga ranar abin ya zame mini kamar jaraba, duk sanda na faka ina jiran fasinja maimakon in shiga Facebook sai in buɗe taswirar hayaƙi, har abokan aiki suka fara kira na Malamin duba.

Bari in faɗa muku abin da na fahimta a hankali, don da farko ni ma na ɗauka tauraron guda ɗaya ne a sama yana ɗaukar kowa hoto. Ashe kala biyu ne kuma kowanne da aikinsa. Akwai masu nisa, kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, suna zagayawa daidai da juyawar duniya don haka kullum wuri ɗaya suke kallo, irin su ne na tashoshin talabijin shi ya sa dish ɗin gidanku sau ɗaya aka saita shi ba a sake taɓawa ba. Wanda ya ɗauki bidiyon da yaron ya nuna mini sunansa GOES-16 na NOAA, hukumar kula da yanayi ta Amurka, shi ke kula da gabashin ƙasar a lokacin kafin GOES-19 ya karɓe shi a 2025, kuma duk minti 5 yana ɗaukar Amurka sabon hoto, duk minti 10 kuma ya ɗauki ɓangaren duniyar da yake fuskanta gaba ɗaya. Shi ya sa kake ganin hayaƙin na tafiya kamar a fim. Matsalarsa nisa, ƙaramar wuta ba lallai ya gan ta ba.

Sai na kusa, masu tafiya a kilomita 700 zuwa 800 da 'yan kai, suna bi ta ƙuryar arewa su gangaro ƙuryar kudu duniya na juyawa a ƙarƙashinsu. Tsofaffin su ne Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, masu ɗauke da na'urar MODIS, sannan aka yi sababbi masu na'urar VIIRS, na farkonsu Suomi NPP a 2011, sai NOAA-20 da NOAA-21. Waɗannan idonsu ya fi kaifi, VIIRS na raba ƙasa gida gida na mita 375, MODIS kuma kilomita 1, amma fa wucewa suke yi, kowanne ya leƙo ka kamar sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare ya yi gaba. Wutar da ta tashi bayan wucewarsa ta mutu kafin ya dawo, shikenan ba ta shiga lissafinsa ba.

Wani abin da ya ɗaure mini kai da farko, gano wuta daban gano hayaƙi daban. Wuta ta hanyar zafinta ake kama ta, akwai wani haske da duk abu mai zafi ke fitarwa wanda idon mutum ba ya gani amma na'urar tana gani dare da rana, to idan gida ɗaya a cikin gidajen nan ya fi maƙwabtansa zafi sosai sai kwamfuta ta ɗiga masa jan ɗigo. Waɗannan ɗige-ɗigen su ne kake gani a shafin FIRMS na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kyauta ne kowa na iya buɗewa a waya, kuma cikin kamar awa 3 da wucewar tauraron sun hau. Amma kar ka ga jan ɗigo ka ce duk faɗin wurin ne ke ci, a'a, cewa kawai yake akwai abu mai zafi a cikin wannan gidan, zai iya zama ɗan yanki ne. Kuma ba ruwansa da ko mene ne, na taɓa jan taswirar zuwa Neja Delta sai ga jajayen ɗigo har cikin teku, na ce ikon Allah wuta a kan ruwa, ashe iskar gas ce da ake ƙonawa a rijiyoyin mai. Idan kuma gajimare mai kauri ya rufe wurin to wutar na nan tana ci amma taswira fes kamar ba komai.

Shi kuwa hayaƙi sai da hasken rana ake ganinsa sosai, kuma abin mamaki ba tsakar rana ya fi fitowa ba, da hantsi ne da kuma la'asar sakaliya lokacin da rana ke bugunsa ta gefe, kamar dai yadda kake ganin ƙurar ɗaki idan hasken safe ya ratso ta taga. Da na saba sai na fara bambance shi da gajimare da ido, gajimare fari ne tas yana da curi curi kamar auduga, hayaƙi kuma toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa, sumul, kana hango tabkuna da bakin teku ta cikinsa dishi-dishi. Kuma ka san wani abu, har yanzu a NOAA akwai ma'aikata 'yan adam da ke zama su kalli hotunan nan su zana iyakar hayaƙin da hannu a kwamfuta, su ce nan mara kauri ne, nan matsakaici, nan mai kauri. Wannan ya burge ni gaskiya, duk kuɗin da aka kashe a sama ƙarshe dai sai an nemi idon mutum. Turawan Turai kuma suna da nasu, Sentinel-5P da aka harba a 2017, shi ba ma hoton hayaƙin kawai yake nema ba, yana auna iskar kabon monoksaid da ke tafiya tare da shi, irin dai iskar nan ta janareta da ke kashe mutane a ɗaki, da ita ake bin sawun hayaƙi ko ya yi nisa ya tsinke ido ya daina ganinsa.

Yanzu ga inda na sake yin wauta, wannan karon ta ɗaya ɓangaren. Bayan abin da ya faru na zama mai tsoro, wata safiya cikin wannan bazarar tasu na buɗe taswira na ga an shafe New York duka da launin hayaƙi, nan take na ce yau ba mai fita, a rufe tagogi, yara suka yi ta ƙunƙuni don an yi musu alkawarin zuwa filin wasa. Uwargida ta leƙa waje ta ce Maigida ni fa ban ji warin komai ba, sama ce kawai ta ɗan yi fari. Na ce ke tauraron ɗan adam ne fa ya faɗa. Da yaron nan ya zo ya duba sai ya kwashe da dariya ya ce Kawu hayaƙin na nan amma a can sama yake, kilomita da yawa a kanmu, dubi na'urorin da ke auna iska a ƙasa duk kore ne da rawaya, wato da sauƙi.

A nan na gane babban raunin abin. Tauraron daga sama yake leƙowa, kamar mutum ya leƙa rijiya, zai ce maka akwai ruwa amma gaba nawa ne sai an zura guga. Yana tara duk hayaƙin da ke tsakaninsa da ƙasa ya ba ka jimla, bai ce maka a daidai hancinka yake ba ko a inda jirage ke bi. Wuta mai ƙarfi sosai tana iya haɗa nata hadarin da kanta har da tsawa, ta cilla hayaƙi can ƙololuwa, shi ne abin da ya faru a Ostireliya a ƙarshen 2019 da farkon 2020, hayaƙin ya haye sama da inda ruwan sama ke wanke iska, ya tsallaka teku ya kai Chile da Ajantina, ya zagaye duniya ya dawo inda ya fito. Na Kanada ma a 2023 ya kai Norway a farkon Yuni, ƙarshen watan ya kai Fotugal da Sifaniya, amma da yake a sama yake yawanci su faɗuwar rana mai ja kawai suka samu, mu kuma da iska ta kwanto da shi ƙasa mu muka sha. An yi tauraron da ke zura gugar, CALIPSO, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa tun 2006, yana harbo hasken leza ƙasa ya auna tsayin da ya ci karo da hayaƙi ko ƙura, sai dai siririn layi kawai yake yanka kamar an tsaga kankana, kuma a watan Agustan 2023 ɗin aikinsa ya ƙare, tsakiyar shekarar da aka fi buƙatarsa. A Mayun 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE mai irin wannan lezar.

To tun daga nan na canza tsari. Hoton sama na gaya mini abin da ke tahowa da inda ya fito, na'urar ƙasa kuma na gaya mini abin da nake shaƙa yanzu, kuma ba na yarda da ɗaya shi kaɗai. Akwai taswirar wuta da hayaƙi a shafin AirNow, hukumar kare muhalli ta Amurka da ta gandun daji suka haɗa, ta ɗora duka a wuri ɗaya, wuta da zanen hayaƙi da na'urorin gwamnati har da ƙananan na'urorin PurpleAir da mutane ke saye su rataye a gidajensu. Abin da suke aunawa shi ne burbushin da ake kira PM2.5, ƙanƙantarsa ta kai a jera kusan 30 kafin su kai kaurin gashi ɗaya, shi ya sa gashin hanci da ƙyallen da muke naɗawa ba sa tare shi, wucewa yake har ƙasan huhu. Launukan kuma ba wuya, kore har 50, rawaya har 100, ruwan goro har 150 a nan masu asma da tsofaffi za su fara kiyayewa, ja har 200, shunayya har 300, abin da ya haura nan ruwan makuba ne wanda ba na fatan sake gani. Don sanin gobe kuma ina duba hasashen HRRR-Smoke na NOAA, kuma ku lura taswira biyu yake da ita, ɗaya ta hayaƙin da ke kusa da ƙasa ɗaya ta jimlar har sama, ni ta biyun na dinga kallo ina tayar wa iyalina hankali a banza.

Amfanin abin na gan shi a Babbar Sallah ta shekarar, ta faɗo Laraba 28 ga Yuni. Ana jajibiri hayaƙin ya sauka a Chicago da Detroit, ni kuma ina kallonsa yana matsowa gabas, na ce wa mutanenmu idi dai in sha Allah za mu yi lafiya amma washegari ko jibi a kula da yara. Haka kuwa aka yi, ya iso bayan sallar amma bai kai na farko muni ba. Wani dattijo ɗan Damagaram da muke sallah tare ya ce Alhaji mu da a gida ranar layya unguwa duka hayaƙin babbaka ne, wannan har wani abu ne? Ban yi masa musu ba don ni ma makonni uku kafin nan bakina kenan. A ƙarshen shekarar aka ce wutar ta cinye sama da hekta miliyan 15 a Kanada, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin lissafinsu, kuma hukumar Copernicus ta Turai ta ƙiyasta kabon da ya fita ya kai tan miliyan 480.

Da sanyi ya shigo wutar Kanada ta lafa sai na rasa abin kallo, kawai na ja taswirar zuwa gida. Jama'a, ku buɗe FIRMS a watan Disamba ko Janairu ku kalli Afirka ta Yamma, ja ne wur tun daga Gini, arewacin Ghana, tsakiyar Najeriya, kudancin Chadi, Afirka ta Tsakiya har Sudan ta Kudu, kamar an watsa barkono a faranti. Idan Yuli da Agusta suka zo kuma jan ya koma kudu, Angola da Kongo da Zambiya. Mafi yawan filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake, sai dai namu ba irin na Kanada ba ne mai cin manyan itatuwa wata da watanni, ƙananan wutace ne birjik, mai sharar gona, mai farautar gafiya da zomo, mai son sabuwar ciyawa ta fito wa dabbobi, kowa ya kyasta ashana ya tafi, shi ya sa ba mai sa shi a labarai.

Kuma a wannan lokacin dai ne ƙurar hunturu ke tasowa. Ita ma na ga gidansu a hoton NASA Worldview, wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi na zamanin da da ya ƙafe, iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasar ta yo kudu maso yamma da ita, a hoto kana ganin farin harshe ya miƙo ya nufo Barno da Kano. Taurarin Meteosat na Turai da ke zaune a saman Afirka suna iya ganin ƙura har da dare don ƙwayoyinta sun fi girma, na'urar zafi na kama su, a irin hoton da suke haɗawa ruwan hoda take fitowa, shi kuwa hayaƙi ya cika ƙanƙanta yawanci sulalewa yake a wannan na'urar. Idan ƙurar ta gangara kudu sai ta tarar da hayaƙin ƙonar daji su cakuɗe, to ashe abin da muke kira hazo a dunƙule wani lokacin ba ƙura ce zalla ba, kuma tari da murar da muke cewa ai na sanyi ne kowa na yi, ban ƙara yi musu kallon da ba. Abin da ya fi damuna, hoton sama muna da shi kyauta kamar kowa, NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ma na fitar da gargaɗin hazo, amma na'urorin ƙasa da za su ce ga abin da mutumin Fagge ko Maraɗi ke shaƙa yau, ƙalilan ne ƙwarai, a nan Bronx kuwa ina iya ganin ta kusa da makarantar 'yata.

A Janairun da ya biyo baya na ga wani babban harshen ƙura ya taso daga Bodele, na kira Hajiya na ce Hajiya gobe ko jibi hazo mai ƙarfi zai sauka muku, dan Allah kar ki fita sharar tsakar gida da sassafe, zan sa yaya ya kawo miki takunkumi mai kyau. Ta ce oh ni, yanzu kuma daga Amurka ake gaya mana hunturu ya zo, mu da muke jin sa a ƙafafunmu tun kafin a haife ka. Bayan kwana biyu yaya ya turo hoton ƙofar gida ba a hango masallacin layinmu, ya ce takunkumin ta karɓa ta sa a ƙarƙashin filo, wai sai za ta je asibiti.